Gwamna ne shugaban tsaro, to wa ke riƙe da bindiga?

1/ Ƴan uwa na yankin Funtua da Malumfashi, a taru. Duk lokacin da aka tare hanya ko aka kori manoma daga gona, rabinmu kan zagi gwamna, rabi kan zagi shugaban ƙasa, sai faɗan ya koma na jam'iyya. Ni ɗan gidan noma ne, bari in faɗi abin da na gano.

2/ Tsarin mulkin 1999 ya ware abubuwa 68 da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Soja na ciki, ƴan sanda na ciki, makamai na ciki, sadarwa ma na ciki. Sashe na 214 ya ce rundunar ƴan sanda ɗaya ce tak a Najeriya.

3/ Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sashe na 215. Gwamna na iya ba kwamishinan ƴan sanda umarni, amma kwamishinan na da damar cewa a dakata sai an ji ta bakin shugaban ƙasa. Wato dai an ba ka doki, linzami na hannun wani.

4/ Ku tuna 2021. Masari da kansa ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Malumfashi. Wannan ikonsa ne. Amma katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi, sai da hukumar NCC ta tarayya ta sa hannu.

5/ Mu da muka rayu cikinsa mun san wahalar. Watanni ba waya. Gidanmu an sayar da masara ba a san farashin Dawanau ba, sai abin da dillali ya ga dama ya faɗa. Mutum sai ya hau mota ya yi tafiya mai nisa don kawai ya kira ɗan uwansa. Wa za ka kai wa ƙara, Katsina ko Abuja? Kowa ya nuna maka ɗaya.

6/ A shekarar ne gwamnan ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Alhali lasisin bindiga ba a ofishinsa yake ba. Kun ga tsaka mai wuya.

7/ A Oktoba 2023 Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma, matasa sama da dubu. Yaran sun san daji, sun san kowane lungu. Sai dai irin makamin da za su riƙe ba jiha ke yanke shi ba, su kuwa waɗancan ba su neman izinin kowa.

8/ To a ba jihohi ƴan sandansu kamar Amurka mana? Ina goyon baya, amma da fargaba. Ku tambayi tsofaffinmu abin da ƴan dokan En'e suka yi wa ƴan NEPU kafin a haɗe su da ƴan sandan tarayya zamanin Gowon. Gwamna mai rundunarsa ranar zaɓe, hmm.

9/ Kuma kada gwamnoni su fake da Abuja. Dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ƙasa. Burtali da makiyayar da aka cinye, firamaren ƙauye, asibitin karkara, hanyar fito da hatsi, duk aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. A nan rigimar ta fara tsiro, tun ba a kai ga bindiga ba.

10/ Kuɗi ma: tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ku leƙa sakatariyarku ku gani ko an ga canji.

11/ Jerin nan ba wahayi ba ne, ana taɓa shi. A Maris 2023 aka ba jihohi dama kan lantarki, jirgin ƙasa da gidajen yari. Gyaran na buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ta Katsina na cikin masu ƙuri'a.

12/ Ni dai in ɗan majalisarmu ya zo gaisuwar Sallah, tambaya ɗaya na tanadar masa: kana goyon bayan ƴan sandan jiha, kuma wa zai taka wa gwamna burki in ya same su?