Kwalliyar Matan Yerwa: Abin da Na Gani a Galtimari

A Kano, idan mai sayar da turaren wuta tana so kayanta su yi daraja, cewa take yi daga Maiduguri aka kawo mata. Mai gyaran jikin amare kuma, ko a Fagge aka haife ta, za ka ji tana cewa wurin wata Babarbariya ko Bashuwa ta koyi sana'ar. Mun daɗe da sallama wa matan Barno a fagen ƙamshi da gyara, sai dai yawancinmu kwalliyarsu ta biki muka sani. Da zumunci ya kai ni unguwar Galtimari a Maiduguri, ta yau da kullum na samu gani, wadda mace ke yi don ta tafi wurin aiki, ko kasuwa, ko ta zauna a ɗakinta kawai. Ita ce ta fi burge ni.

Hanyar doguwa ce. Daga Kano a bi ta Wudil, a wuce Azare da Potiskum, a huta a Damaturu, sannan a miƙe ta Benishek da Auno, ana tsayawa a shingayen jami'an tsaro. Abin da ke fara tarbar baƙo a Maiduguri shi ne inuwa. Itatuwan dogon yaro sun jeru gefen tituna, sun haɗe kai ta sama. Wannan itace da ya zama alamar garin, asalinsa daga Indiya yake, a zamanin Turawa aka shigo da shi Barno, ya samu ƙasar da ta karɓe shi. Ba shi kaɗai ba ne ɗan Indiya da ya zama ɗan gida a Yerwa, wato Maiduguri, kamar yadda na gani daga baya a kasuwa.

Galtimari tana cikin ƙaramar hukumar Jere, ta kudancin gari, maƙwabtaka da Fori da Barikin Giwa. Unguwa ce da ta ga jarrabawa. Ta sha fargabar shekarun rikicin Boko Haram, sannan a ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, tana cikin unguwannin da ambaliya ta fara ci. A wasu katangun har yanzu ana ganin shatar inda ruwan ya tsaya. Amma ka shiga zauren gida, kafin a amsa maka sallama ƙamshi ya riga ya amsa.

Uwar masaukina dattijuwa ce Babarbariya, baƙa mai sheƙi, da tsagar gado a kumatunta. A gidanta kwalliya daga kasko take farawa. Bayan sallar asuba a zuba garwashi, a barbaɗa turaren wuta, a kifa kabbasa a kai, a shimfiɗa lafayar da za a ɗaura ranar, hayaƙi ya ratsa ta zare-zare. Kafin nan an yi wanka, an shafa mai tun jiki na da danshi, an bi wuya da gaɓoɓi da humra. Sai an gama wannan duka ake zuwa ga fuska, ita kuwa fuskar ba ta cin lokaci: kwalli a ido, a gyara gira da jagira kaɗan, hoda sama-sama, man leɓe. Shi ke nan. Na ciro jakar kwalliyata mai cike da kwalabe, ta leƙa ta ce, “'Yata, duk wannan fuska ɗaya za ta sha? Ki gyara fatar tukuna, sai ki ga hodar ma kaɗan za ki nema.” Na ce, “To Iya, ai koyon na zo.”

Akwai hikima a wannan tsari, yanayin garin ne ya koyar da ita. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Kwalliya mai kauri ba ta kai azahar, gumi zai narkar da ita ta taru a gefen hanci. Da hunturu kuwa iska mai ƙura ce ke busar da fata har ta yi fururu, hodar da aka ɗora a kan busasshiyar fata sai ta tsattsage. Ga kuma alwala sau biyar a yini. Macen da ke son ta kasance tsaf daga safe zuwa dare a irin wannan wuri dole ta dogara da abin da ruwa da gumi ba sa wankewa: lafiyar fata, lalle, da ƙamshin da ya kama tufafi da jiki.

Lafiyar fatar kuwa aiki ake yi mata. Dilka, wadda a wurinmu sai amarya ko mai jego, a can wasu matan sun mayar da ita abin yi a kai a kai. Curi ne mai laushi da ake haɗawa da gari da kayan ƙamshi, wasu su sa kurkum, a turara shi, a riƙa murza shi a jiki har dattin fata ya mirgino ya zube. Halawa kuma sukari ne da ruwan lemon tsami da ake dafawa har ya yi danƙo, a cire gashin jiki da shi. Dukansu biyu, tare da humra da zaman turara jiki, sanannun al'adun matan Sudan ne, kuma ba abin mamaki ba ne a same su a nan. Shekaru aru-aru mahajjatan ƙasa ta Barno suke bi su ratsa Chadi, su shiga Darfur, su wuce har gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun zauna a Sudan, wasu sun dawo da abin da suka gano. Larabawan Shuwa kuma dangantakarsu da gabas ba ta taɓa yankewa ba.

Ranar da aka kai ni Kasuwar Monday na ga inda kayan ke fitowa. Kasuwar ta ƙone ƙurmus a ranar 26 ga Fabrairun 2023, an sake gina ta, ciniki ya dawo. A layin masu turare buhuna ne a buɗe: hawi, gab-gab, kajiji, kanumfari, farce, da guntayen icen sandal. Farcen nan murfin wani dodon koɗi ne na teku. Ana jiƙa shi, a kankare, a soya shi har ƙarninsa ya fita, sannan a daka, amfaninsa shi ne riƙe ƙamshi ya daɗe a jiki. Sandal kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan humra mai kyau, mafi shahararsa a duniya na kudancin Indiya ne, yankin Maisur a jihar Karnataka. Itacen yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin zuciyarsa ta yi mai, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma jabu ya yi yawa. Na ga 'yar masaukina ta karɓi guntu, ta goga a bayan hannunta, ta jira ɗan lokaci kafin ta sansana, sannan ta mayar ta ce a ba ta wancan. Hancin da aka raina da ƙamshi tun yarinta ba a yi masa wayo.

A nan ne na fara lissafa abin da ya haɗa macen Yerwa da macen Indiya. Kwallinmu shi ne kajal ɗinsu. Lallenmu shi ne mehndi ɗinsu, har garin Sojat na jihar Rajastan ya yi suna a duniya da nomansa. Kurkum da ake sawa a dilka, su ma da shi suke shafe amarya kafin ɗaurin aure. Su suna da turarukan garin Kannauj, mu muna da humra. Lafaya da sari kuwa duk dogon ƙyalle ne ɗaya da ba a ɗinka ba, naɗi ne ya bambanta. Uwa-uba launin fata: a Indiya akwai fari, akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙi sosai musamman a kudu, kamar dai yadda za ka gani a tsakar gida ɗaya a Galtimari idan Barebari da Shuwa da Hausawa da Marghi suka haɗu a suna.

Saboda haka matsalar mai zaɓen hoda a Mumbai ita ce ta mai zaɓe a Maiduguri, kuma 'yan matan gidan da na sauka sun san maganinta. Ba sa gwada hoda a bayan hannu, a gefen muƙamuƙi suke gwadawa, su fita hasken rana su duba. Wadda ta ɓace a fata, ba a ganin iyakarta da wuya, ita ce daidai. Wadda ta fi fata haske tana mayar da baƙar fuska toka-toka, ta bar wuya da kunne a wata duniya dabam. Sun kuma lura cewa baƙi ba iri ɗaya ba ne: wata fatarta na da sirkin ja a ƙasa, wata rawaya, kuma hoda sai ta bi wannan sirkin. Jan baki suna son mai duhu, ruwan goro ko na zoɓo, in kuwa mai haske ne sai an zagaye leɓe da jagira ruwan ƙasa tukuna. Manyan kamfanonin duniya sun makara kafin su gane haka. Sai a 2017, da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launukan hoda 40, sauran suka shiga rige-rigen yi wa baƙar fata kaya.

Lalle na da nasa matsayi. Sinadarin da ke cikin ganyen yana kama fata da farce ne ya rina su, ba rufi yake yi a kai ba, don haka ruwan alwala na ratsawa, saɓanin jan farcen kanti. A fata mai duhu jan lalle ya fi fitowa a tafin hannu, da tafin ƙafa, da farce, shi ya sa tsofaffi suka tsaya a nan. A auren Barebari ranar lalle rana ce guda mai zaman kanta, kafin daren wushe-wushe, amma ko babu biki da wuya ka ga matar aure da farar ƙafa.

Mu Hausawa mun fi shekara 60 muna kallon finafinan Indiya. Iyayenmu sun yi kuka a Mother India na 1957, mu mun taso da Hema Malini da Rekha da Sridevi. Mun ɗauki waƙa, mun ɗauki salon soyayya, har Kannywood ta ginu a kai. Sai dai akwai abin da ya biyo kayan wanda bai amfane mu ba: jarumar fim kusan kullum fara ce. Indiyawa kansu sun daɗe suna fama da wannan. Man Fair & Lovely ya fito a 1975, ya yi shekaru yana gaya wa 'yan mata cewa aure da aiki na mai haske ne. A 2009 wasu mata suka fara gangamin Dark is Beautiful, jaruma Nandita Das ta mara musu baya, kuma a 2020 matsin lamba ya sa kamfanin ya sauya sunan zuwa Glow & Lovely. A wurinmu, wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambata cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan ƙara haske. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da sinadarai irin su makuri, mai lalata ƙoda, da wasu masu sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. A kantunan Maiduguri ma ana sayar da su, kuma na ga waɗanda suka shafa. Amma a gidajen da na shiga, yarinya baƙa na tasowa tana ganin uwarta da kakarta baƙaƙe, ana yaba su, ana sha'awar zama kusa da su. Wannan kariya ce babba.

Ƙaunar al'ada ba ta hana faɗin inda take da haɗari. Kwallin dutse mai ƙyalli sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga Nijeriya, wanda aka auna aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata mu sa wa jariri kwallin da ba mu san asalinsa ba. Haka baƙin lallen dayis: sinadarin rinin gashi ne a ciki, yana iya ƙona fata ya bar tabo. Wata mai ƙunshi a unguwar ta ce min ba ta zana wa kowa sai ta ɗiga kaɗan a hannu an kwana an gani. Da kowace mai lalle za ta yi haka, da an huta.

Na baro Galtimari da ra'ayin da ba na jin zai sauya. Kwalliyar yau da kullum hidima ce da mace ke yi wa jikin da Allah ya ba ta, kuma matan Yerwa sun riƙe wannan hidima cikin yaƙi da gobara da ambaliya ba su sake ta ba. Kuɗin da 'yan matanmu na Kano da Katsina da Zariya ke zubawa a mayukan bilicin ya isa ya saya musu man kaɗanya mai kyau, da lalle na ganye, da kwalli mai aminci, da hoda ɗaya da ta dace da launinsu, har a samu canjin turaren wuta. Iyaye mata su ne za su fara, domin yarinya ba ta raina fatar da ta ji uwarta na yabo.