Sekanji: na je sayen mota, na ɓige da cinikin batir

Kwalbar mai ce ta kai ni Kwatano. Duk mazaunin ƙasar Benin ya san kwalaben nan da ake jerawa a kan tebur a bakin titi, man da ake shigo da shi daga Najeriya, wanda mutanen nan ke kira kpayo. Shekara da shekaru da shi nake shayar da tsohuwar motata a Faraku, ban taɓa zama na lissafa abin da take ci ba. Da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kwalba ta yi tashin gwauron zabi, har wasunmu suka koma layin gidan mai. A nan na gane ashe ina kiwon raƙumi ne a gida. Kai yara makaranta, zuwa shago, kai uwargida unguwa, duk wata sai ka ji kamar wani ya sa hannu a aljihunka.

Ita uwargida ce ta fara kawo maganar mota mai haɗin inji da batir, wadda ake ce wa haibirid, don ta shiga ta wata ƙawarta. Ta ce, "Alhaji, wallahi tafiya take kamar ba a kunna ta ba." Na ce to, kuɗin fa? Ta shiga ɗaki ta fito da kwasar adashinta. Saboda haka kuɗin da na ɗaura a ƙugu na hau mota zuwa Kwatano ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma wannan ya fi komai hana ni barci a hanya.

Na kwana a Zango wajen wani abokin ciniki. Da safe muka hau zemijan, 'yan acaɓar nan masu rawayar riga, muka tsallaka gada ta gefen kasuwar Dantokpa, muka ratsa Akpakpa, muka miƙe hanyar da ke zuwa Porto-Novo da iyakar Seme. Ba sai an ce maka ka iso ba. Katanga ce bayan katanga, kowace da ƙofar ƙarfe da mai gadi, a ciki kuwa motoci ne jere a kan rairayi, iya ganin idonka. Nan ne Sekanji, gaba kaɗan Ekpe. Jirgin ruwa na sauke motocin a tashar Kwatano, a koro su nan su jira mai rabo. Masu jin Faransanci na ce musu "venue de France", mutanen Najeriya su ce tokumbo ko 'yar Beljiyam, ko da motar ba ta taɓa taka Beljiyam ba. Manyan masu filayen da yawansu Larabawan Labanan ne. Amma waɗanda za su tare ka tun daga bakin ƙofa dillalai ne, kuma Hausa ba ta yi musu kaɗan ba: ga na Nijar, ga na Najeriya, ga haifaffun Zango.

Wanda ya san wurin a da zai ce maka ya yi sanyi. Tun farkon 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, aka rufe iyakar gaba ɗaya a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsayar da zirga-zirga a gadar Malanbil da Gaya. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, akwai motar da za ta yi watanni tana shan rana da iskar teku mai gishiri ba wanda ya taya. Ga motar fetur zalla, abin da sauƙi. Ga mai batir kuwa, dogon zama ciwo ne.

Da farko wani dillali ya ja ni wajen wata mai lantarki zalla, Nissan Leaf ta farkon fitowa. Kyakkyawa ce, ba salansa, ba baƙin mai. Sai dai irin wannan ko tana sabuwa ba ta cika kilomita 200 da caji ɗaya, ni kuwa tsakanina da gida kilomita 400 ne da 'yan kai. Na ce masa, "Malam, a Bohikon zan kwana ina jiran waya ta cika, ko a Dasa?" Ya yi dariya, muka wuce. Wanda ke zaune cikin Kwatano, yana da mita tasa da inda zai ja waya, shi ya san yadda zai yi da ita. Ni ba tawa ba ce.

Sai ga wata Prius fara sol, ƙirar da aka fara a 2009. Kujeru kamar ba a taɓa zama ba, but ɗinta ya isa buhu biyu da jakar yara. Aka danna maɓalli, kalmar READY ta fito, ba wata fitilar gargaɗi ko ɗaya. Zuciyata ta riga ta biya. Dillalin ya ga haka a fuskata, ya fara kirana "babban Alhaji".

Allah ya taimake ni mai masaukina ya haɗa ni da wani yaro mai gyaran wutar mota, ɗan Zango, da wuya ya kai shekara talatin. Tun da muka iso bai ce uffan ba. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya soka wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ya buɗe wayarsa, ya ce, "Baba, zo ka gani da idonka."

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da ya fi amfani a duk tafiyar, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Babban batirin irin wannan mota ba dunƙule ɗaya ba ne. Guda 28 ne aka jera aka haɗa, kowane bolt 7.2, jimilla 200 da ɗoriya, kuma kwamfutar motar na lura da su biyu-biyu, wato rukuni 14. Lafiyar batir ita ce duk su tashi tare, su sauka tare. Ya sa aka kunna esi, aka taka burki aka sa giya, aka ɗan matsa wa motar. A kan wayar, layuka 13 suka sauka a jere kamar sahun salla, ɗaya kuwa ya zube ƙasa ya bar 'yan uwansa. Ya ce, "Ka ga wannan? Ya gaji. Kuma an goge laifin daga kwamfuta ba da daɗewa ba, shi ya sa fitila ba ta kama ba. Kafin ka kai Sabe za ta dawo." Ya ƙara da cewa ana iya canza guda ɗaya da na gwanjo, motar ta yi 'yan watanni, sannan na kusa da shi ya bi sahu. Canza duka kuwa kuɗi ne da zai cinye duk man da nake fatan ragewa.

Bai tsaya nan ba. Ya kwanta a rairayi ya leƙa ƙasan motar, ya fito yana karkaɗe riga. An yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi, an liƙa bututu a gurbinta. Ta irin waɗannan motoci tana da tsada saboda ƙarfen da ke cikinta, shi ya sa ake farautarta tun daga Turai. Dillalin ya rantse bai sani ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, motar ta bi hannu da yawa kafin ta zo nasa. Ban yi masa faɗa ba, na dai mai da hulata.

Mun duba huɗu a ranar, muka koma Zango hannu rabbana. Da dare uwargida ta kira. "Alhaji, an samu?" Na ce ana dai nema. Ta yi shiru, irin shirun da ya fi magana nauyi.

Washegari a wani fili can ciki, inda rairayi ke cika takalmi, muka tarar da wata Auris haibirid, toka-toka, ƙirar Ingila amma sitiyarinta a hagu kamar yadda ake tuƙi a nan. Ƙofar baya ta lotsa, fenti ya koɗe a saman, ga gashin kare a kujera. Ko kunnuwa ta ƙi yi. Na juya zan tafi, yaron ya riƙe ni. Ashe ƙaramin batir ne ya mutu, mai bolt 12 irin na kowace mota. A waɗannan motoci ba shi ke tayar da inji ba, kwamfuta kawai yake farkarwa, babban batir ya yi sauran. In ya mutu, mota ta zama dutse, kuma ba a tura ta ta tashi kamar yadda muka saba. Aka kawo wani aka jona. Injinta da batirinta irin na waccan Prius ɗin ne, sai dai a nan layukan 14 suka sauka tare, suka tashi tare. Tukunyar hayaƙi na nan daram. Muka fita da ita cikin fili, muka dawo, ya sake dubawa. Sannan ya ce, "Baba, munin nata a waje yake. Yi ciniki."

Ba zan faɗi nawa na biya ba, ɗan kasuwa ba ya tona cikinsa a kasuwa. Amma lotsawar ƙofar nan ta yi mini aiki sosai. Abin da zan ja kunnen 'yan uwa a kai shi ne takarda. Kuɗin mota daban, kuɗin duwan daban, kuma duwan ɗin iri biyu ne: na motar da za ta wuce wata ƙasa kamar Nijar, da na wadda za ta zauna a Benin ta ɗauki lambar nan. In aka yi maka farashi mai daɗin ji, tambayi wanne ake nufi kafin ka ce ka saya. Kwana uku na ƙara a Zango ina jiran takardu, ina cin tuwon mai masauki har na fara jin kunya.

Kafin mu rabu yaron ya buɗe ƙofar baya ya nuna mini wata 'yar taga mai raga a gindin kujera. Ta nan fanka ke zuƙar iska tana sanyaya batir. Ya cire ragar, ga gashin karen Bature ya yi kauri kamar bargo. Ya ce zafi ne ajalin batir, kuma ƙurar hunturu ta arewa ta fi gashin kare toshe wurin. Ya lissafa mini sauran da yatsa: wayoyin nan masu ruwan lemo kada wani bakanike ya taɓa su da ka, don wutar cikinsu na kisa. Kada a bari mai ya ƙare ƙaf. In ta lalace a hanya a ɗora ta a kan mota, kada a ja ta da igiya. Mai gyaran esi kuma kada ya zuba mata man kwamfaresa na gama-gari, nata na lantarki ne, mansa daban. Na ba shi abin da ya nema, na ƙara masa, na kuma karɓi lambarsa, don a unguwarmu ban san mai irin na'urarsa ba.

A hanyar dawowa, daga Alada zuwa Bohikon har Cawuru, gaskiya ban ga wani abin mamaki ba. A doguwar hanya inji ne ke aiki kusan koyaushe, ragin man kaɗan ne. Cikin gari ne take nuna halinta, wajen tsaye-tsaye da cunkoson bakin kasuwa, inda inji ke mutuwa da kansa kuma kowane taka burki na mayar da caji. A lissafina, lita 5 zuwa 6 take sha a kilomita 100, tsohuwar kuwa ta kusa ninka haka. Aibinta guda, ƙasa take sosai. Ranar da muka je suna wani ƙauye da damina, sau biyu na sauke iyali suka taka da ƙafa kafin ta haye kwari.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini. Awaki ba sa jin zuwanta, yaran unguwa ma haka. Yanzu duk safiya sai na sa babban ɗana ya zagaya bayanta kafin in ja da baya. Uwargida kuwa, tunda da kuɗinta a ciki, ta ɗauki tagar fankar nan ta zama tata. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta shiga baya ta jingina ƙullin kayanta a wurin. Ban ma kai ga buɗe baki ba na ji daga gefena: "Gwaggon yara, ɗauke ƙunshin nan ki ɗora a cinya, nan ne hancin motar."