Taku da Igiya a Gonakin Waken Minjibir

A ƙarshen Satumba na isa Minjibir, arewa maso gabashin Kano, lokacin da marka ta wuce, gero ya sunkuyar da kai, wake kuma yana ta zuba fure. Ƙasar nan jigawa ce, ƙafa na nitsewa cikin rairayi. Gonaki biyu da ke manne da juna, ba abin da ya raba su sai 'yar iyaka ta gamba, su suka tsayar da ni har rana ta take.

Ta farko gonar gado ce, an yi mata shuka irin ta kaka da kakanni. Gero a jere, wake a gicciye tsakaninsa, gurbi nan, gurbi can, kamar an yar da su bisa kuskure. Mai gonar, wani dattijo, ya ɗauki sungumi ya nuna mini yadda ake yi: ka sara, ka yi taku, ka sake sara, yaro na biye da kai yana jefa iri yana takewa da diddige. Irinsa Kanannado ne, mai yaɗo. Na kama reshe ɗaya na bi shi, sai da ya kai ni kunya ta uku kafin na ga ƙarshensa. Wake irin wannan in ka matse shi ka cuce shi, ganye zai hau kan ganye, fure ya yi ƙaranci. Shi kuwa dattijon rabin lissafinsa a kan harawa yake, domin tumakinsa na jiran rani.

Ta biyu ta ɗansa ce, wake zalla, irin nan na zamani mai tsayuwa tsaye wanda ke nuna cikin kwana 70 zuwa 80. Da igiya ya yi shuka, an ƙulla mata alama duk bayan santimita 20, wato kusan taƙi ɗaya na hannu, kunya da kunya kuwa santimita 75, faɗin da garmar shanu ke bayarwa. Ƙwaya uku a rami, bayan mako biyu a cire ɗaya a bar biyu. Na zauna gindin gawo na buga lissafi: tsiro 133,000 da 'yan kai a hekta ɗaya. Wanda ya yi taku na mita guda ta kowane gefe kuwa, gurbi 10,000 kawai zai samu.

A ganina nan ne matsalar take. Manoma da yawa sun karɓi sabon iri amma ƙafarsu ba ta sake taku ba. Na ga wata gona a hanyar Wasai da aka yi haka: wake tsaye ƙiƙam, tsakaninsa fili fetal, rana na dukan ƙasa tana shanye laima, ciyawa ta samu wurin miƙe ƙafa. Mai ita zai ce irin ne ba shi da kyau.

Ba nisa da nan akwai gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta IITA, wadda ke da reshe a Kano. Masu bincikenta sun gwada shuka layi ɗaya, da layi biyu, da layi uku a kan kunya guda. Layi biyu, wato tsiro wajen 266,000 a hekta, ya fi layi ɗaya amfani sosai, domin ganye na saurin rufe ƙasa ya tare hasken rana. Kowane tsiro 'ya'yansa sun ragu, amma gonar gaba ɗaya ta fi cika buhu. Layi na uku bai ƙara wani abin kirki ba sai kuɗin iri.

Ɗan dattijon ya san da wannan, amma bai yi ba tukuna. Iri zai ninka daga kusan kilo 25 zuwa 50 a hekta, kuma gona in ta cushe, maganin feshi ba ya ratsawa ƙasa inda tsutsar fure ke ɓuya. Ya ce baɗi zai gwada a kunya goma na bakin iyaka, inda mahaifinsa zai riƙa gani kullum in ya fito kewaya gero.