Abin da na gano a Tibiri: gaton suna da adon gida

Ƴan uwana mata na asusu. A taron da ya wuce da yawanku kun tambaya ina na ɓace har kwana huɗu. To, Tibiri na tafi. Ɗiyar ƙanwata ce ta haihu, na je suna. Na dawo da wani abu da nake gani zai amfane mu, shi ya sa na ce bari in rubuta shi a nan, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba.

Amma bari in fara tona asirin kaina. Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Afrilu, na aurar da ɗiyata ta fari. Na ga hoton wani gato a WhatsApp, fari tas, hawa biyu, da furanni kewaye, sai raina ya biya. Na ɗauki bashin jika 15 daga asusunmu, na aika aka yi mini irinsa a Yamai, aka sako shi a mota. Tafiyar ta fi kilomita 250, kuma kun san zafin Afrilu. Da muka buɗe kwalin, furannin nan duk sun narke sun zama kamar kunu, sunan amarya ya zubo gefe. Na rufe kwalin, na tura shi ƙarƙashin gado don kada dangin ango su gani. Wata huɗu ina biyan bashin abin da ko baƙo ɗaya bai sa a baki ba. Masu riƙe da littafinmu sun san da bashin, yau kun ji dalilinsa. Tun ranar na rantse ni da gato sai dai kallo.

Daga Dogon Dutsi muka tashi da sassafe, muka bi babbar hanyar da ke zuwa Doso har Kore Mairuwa, daga nan muka bar ta muka yi kudu. Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, kada ku haɗa ta da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Wannan tamu ce ta nan jihar Doso, garin Samna. Da can ƙarƙashin Dogon Dutsi take, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Kore Mairuwa, Dumega da Gesheme. Ƙasar tana cikin Dallol Mawri, wato tsohon kwarin nan da ruwansa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ko damina ta wuce za ki ga garake kore shar a fadama. Lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, amalanke na wucewa da dammuna. A bakin hanya ga masu rake, ga gyaɗa sabuwa, ga yakuwa an shanya ta ja wur bisa tabarmi. Na kalle su kawai na wuce, ban san a kan gato zan sake gamuwa da su ba.

Na iske gidan cike da mata ana ta shirin gobe. Wasu na tankaɗe, wasu na suyar cincin da fanke. Can gefen zaure kuma wata maƙwabciyarsu ta jera gwangwanayen tumatir ƙanana, an wanke su tas, an daddanne bakinsu da dutse don kada su yanki hannu. Ita ce mai yi ma amaren unguwar lalle, kuma ita ke riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwatin asusunsu. Na ce mata, “Ƙanwata, wannan fa?” Ta ce, “Gato za mu yi, Yaya.” Na yi dariya na ba ta labarina. Ta ce, “Ayya Yaya, ai wancan adon na masu firiji ne. Mu nan abin da rana ba ta iya narkewa munka koya.”

Ba ta da injin gashi. Babbar tukunyar ƙarfe ta ɗora bisa gawayi, ta zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu, ta rufe ta bar shi ya yi zafi. Awonta da ƙaramin gwangwanin madara ne: fulawa 4, sukari 2, man gyaɗa 1, madara 1, ƙwan kaza 4, da ƴar takarda guda ta hodar nan da ke sa gato ya tashi. Ta fara buga ƙwai da sukari har suka yi fari, sannan mai da madara, fulawa daga ƙarshe, kuma ba ta daɗe tana juyawa ba, ta ce yawan juyi ke sa ya yi tauri. Ta shafa mai cikin gwangwanaye, ta zuba rabi-rabi, ta jera bisa yashin, ta rufe da faranti na ƙarfe ta zuba garwashi a samansa. Wuta sama, wuta ƙasa. In ta soka tsinke ya fito ba ƙullu, ya nuna. Awo guda ya ba ta kusan 30, mun yi sau huɗu kafin sallar isha'i. Ta gargaɗe ni abu biyu: gwangwanin da ya yi tsatsa a yar da shi, kuma kada a buɗe tukunya da wuri, gaton zai faɗa.

Ado kuwa sai da asuba, bayan sun huce sarai. Ta ce ko ɗumi kaɗan ya rage, adon zai zube. Ta sa aka daka sukari a busasshen turmi har ya koma gari, aka tankaɗe da ƙyalle mai laushi sau biyu. Ta raba shi cikin kwanoni uku. Na farko ta ɗiga masa ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan tana juyawa har ya yi kauri kamar kwaɓin lalle, wannan shi ne fari. Na biyu ta sa masa ruwan yakuwa da aka jiƙa da kauri, da ɗigon lemun tsami, sai ya fito ja mai haske, don tsami na ƙara ma yakuwa ja. Na uku ta sa garin busasshen zogale ɗan kaɗan, ya yi kore. Ta ce in an cika zogalen ɗanɗanonsa zai fito, yara su ƙi. Ba bota a ciki, ba ɗanyen ƙwai, saboda haka ba abin da zai narke ko ya yi wari. Iskan kaka na busar da shi cikin ɗan lokaci, ya yi ƙarfi kamar alawa.

Sai ta ɗauko leda sabuwa mai tsabta, ta zuba kwaɓin a kusurwa, ta ɗaure, ta yanke bakin ɗan mitsitsi. Ƴan uwa, daidai yadda take yi ma amarya zanen lalle! Wallahi tsayawa na yi ina kallo. Ta zana ganye, ta zana tauraro, ta yi ɗige-ɗige irin na zanen ƙwarya, wani kuma ta kewaya shi zobe-zobe kamar saƙar faifai. Waɗanda ba ta zana ba ta shafa musu farin, tun bai bushe ba ta barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa, wasu ta ɗora yankan dabino a tsakiya. Ta miƙo mini ledar ta ce in gwada. Na farko ya fito kamar sawun kaza, yara suka yi ta dariya, muka ba su suka cinye. Kafin na goma hannuna ya fara zama. Akwai guda babba da ta gasa cikin kwanon sha, ta bar shi fari ba zane. Da aka raɗa suna da safe, aka raba goro da dabino, maza suka watse, sai ta rubuta sunan jaririyar a kai da jan yakuwa. Ita ma a karatun yaƙi da jahilci ta koyi rubutu, kamar ni.

Da la'asar mata suka cika gida. An jera gaton bisa tire uku, an lulluɓe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Tun safe tiren na bisa kwanon da aka ajiye cikin ruwa, kiyashi bai samu hanya ba. Kakar jaririya ta wajen uba, tsohuwa mai wuyar yabo, ta ɗauki guda ta jujjuya shi ta ce, “Wanga daga Dutsi anka kawo shi ko daga Yamai?” Aka ce mata daga bakin zaurenta. Ta ƙulle biyu a bakin zane ta ce na jikokinta ne. Ni kuwa ina zaune ina tuna kwalina na ƙarƙashin gado.

Da dare na zaunar da mai lallen nan muka yi lissafi, don kun san ni, ba na yarda da sana'a sai na ga ƙarshenta. Fulawa da sukari da madara da hoda su ne abin saye, kuma su ne masu hawa da sauka. Iyakar Najeriya na kusa da su, kaya da yawa daga can suke shigowa, kuma ta ce lokacin da aka rufe iyaka a 2023 ta ji jiki har ta dakata. Amma kayan adon duka na gida ne: yakuwa, gyaɗa, riɗi, zogale, lemun tsami. Man gyaɗar ma matan ƙungiyarsu ke matsewa, ta saya wajensu, kuɗin ya zauna cikin gida. Wanda ba ado tana saida shi dala goma, mai ado dala ashirin, alhali abin da adon ya ci bai taka kara ya karya ba. Ta ce ba ta taɓa ɗaukar bashi don bukin kanta ba, sai don sayen fulawa in an ba ta aiki, kuma sai mai buki ta ba da rabin kuɗi tukuna. Ta ce, “Yaya, bashin asusu iri ne, ba a dahwa shi a ci.” Maganar ta shige ni, domin tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 abin da ake faɗa mana ke nan, ni kuma shugaba guda na manta da shi saboda hoton waya.

Ban ce kowa ta koma mai gato ba. In mu duka muka yi, wa zai saya? Kuma alkaki da dubulan da nakiya na nan da darajarsu a gara, gato bai zo ya kore su ba. Amma a ƙungiyarmu akwai masu lalle aƙalla uku da na sani, akwai masu man gyaɗa, akwai masu kaji. Suna da aure da walimar saukar karatu ba sa ƙarewa a unguwanninmu, ga sallah biyu kowace shekara. Kuɗin da muke aikawa birni don abin da zai narke a hanya, gara ya tsaya hannun ƴar uwa.

Na riga na gwada sau biyu a gida. Na farko ƙasansa ya ƙone don yashin bai kai kauri ba, na biyu ya yi kyau har maigida ya tambaya ko saye na yi. Ranar taro mai zuwa, bayan an gama zubi an rufe akwati, zan zo da tukunyata da gawayi. Wadda ke so ta zo da gwangwanayen tumatir guda biyar wankakku da leda sabuwa. Masu lalle kuma kada wadda ta ce tana da uzuri, ku ne malamanmu ranar nan. Allah ya raya jaririyarmu ta Tibiri, ya saka ma matan da suka karɓe ni da alheri, ya sa albarka cikin asusunmu. Amin.