Majigi a Ƙofar Mai Gari

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wannan magana wani malamin daji ya dogara shekaru da dama yana yawo tsakanin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kwamfuta a jaka, majigi a kwali, kafin ya gane cewa ba kowane gani ba ne yake korar ji.

Aikinsa shi ne yaɗa sassabin zamani. Mai karatu ɗan jihar Maraɗi ya san abin: idan manomi ya zo sharar gona, ba ya ƙone kututturen kalgo, ko sabara, ko magarya, sai ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, uku ko biyar, ya datse saura, ya bar saiwar da ta daɗe a ƙasa ta ciyar da su. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi ga wannan dabara a 1983. Lokacin yunwar 1984 an haɗa ta da rabon abinci, da rabon ya ƙare kuwa mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba su ne suka zama hujja. A gundumar Agye, inda asusun FIDA ya tallafa wa ayyukan karkara tun shekarun 1990, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itace, wanda ya haɗa manoma, mata da makiyaya.

Duk wannan malamin ya zuba shi a shafukan majigi arba'in, cikin Faransanci, da jadawali da zane-zanen lissafi. A wani taron ma'aikata a Maraɗi an tafa masa. Ba abin mamaki ba ne: mutanen biro sun saba da mai jawabi ya juya masu ƙeya yana karanta abin da ke bisa allo, su kuma suna jiran lokacin shayi.

Da waɗannan shafuka ya nufi wani ƙauye a ƙasar Gazawa, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Aka rataya farin zane a bangon mai gari da la'asar sakaliya, rana ba ta faɗi ba, hasken majigin ya dushe kamar fitila da tsakar rana. Ya yi ta fassara layi bayan layi. Kafin ya kai shafi na goma sha biyar an kira magariba. Wani dattijo, yana naɗe buzunsa, ya ce masa: "Ɗana, rubutu dai mun gani, Allah ya ƙara sani. Amma ina iccen?"

Tambayar ta bi shi har gida. Ya zauna ya yi wa jawabinsa irin sassaben da yake koya wa manoma: daga arba'in ya bar takwas. Kowane shafi magana ɗaya. Inda rubutu ya zama dole, kalmomi huɗu ko biyar da Hausa, manya yadda na bayan taro zai iya karantawa. Ya daina faɗin tan da hekta, ya koma ga dami, da tiya, da amalanken itace, domin ba wanda ya taɓa cika rumbu da kashi cikin ɗari. Ya mai da taronsa bayan lisha, lokacin da duhu ya kankama, mata kuma sun gama aikin tuwo. Ya koyi tsayawa a gefen zanen, fuskarsa ga jama'a, ya saki hoto ya yi shiru har sai wani ya fara magana.

Hotuna biyu ne suka fi yi masa aiki, waɗanda masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka sanar da duniya: ƙauyen Galma na jihar Tawa daga sama, a 1975 da kuma 2003. A na farko fili fetal, a na biyu ɗigo-ɗigon itatuwa ko'ina, alhali mutane sun ƙaru. Da irin waɗannan hotuna aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Amma ya lura cewa miliyan ba ta motsa kowa. Abin da ke sa taro ya ɗauki guna-guni shi ne hoton gonar da suka sani, da gawon da suka sani, a ce ga ta bara, ga ta bana.

A nan ne kuma ya yi kuskurensa mafi girma. A wani gari inda ake kukan saran dare, ya haska hoton wani gawo da aka yi wa kwaf ɗaya. Shi kututturen yake nufi. Bai kula ba cewa can bayansa, a gefen hoton, akwai garken shanu na wucewa. Bai ambaci kowa ba, amma kawuna suka juya gefe ɗaya. Arɗo, wanda da ƙyar aka shawo kansa ya zo, ya miƙe ya kaɗe rigarsa, mutanensa suka bi shi. Daga baya ta bayyana cewa masu sayar da itace ne suka yi saran. Kwamitin da aka zo kafawa a daren bai kafu ba, kuma kwamitin da babu makiyayi a ciki, kowa ya sani, sunansa rigima idan kaka ta yi.

Sai da ya je ruga sau biyu. A zuwa na biyu ya buɗe kwamfutar a gaban Arɗo ya ce: "Baba, ga abin da zan nuna. Wanda bai yi maka ba, a cire." Arɗo ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a cire wancan, a sa hoton tumaki suna cin ƴaƴan gawo da rani, don manoma su tuna cewa icce ba na mutum ɗaya ba ne. Tun daga ranar ba ya haska gonar mutum sai ya nemi izininsa, ba ya kuma sa hoto sai ya duba kusurwoyinsa huɗu.

A wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji injin wuta ya mutu yana shafi na uku. Da can da taron ya watse ke nan. Ya aiki yaro ya jawo kututturen kalgo da ya taho da shi a bayan babur, aka haska masa da tocila uku, ya miƙa wa mai gari adda ya ce: "Ranka ya daɗe, wanne za a bari?" Mai gari ya zaɓi uku. Wata tsohuwa daga baya ta ce bai iya zaɓe ba, ta taso ta nuna wani. Aka yi ta gardama a kan reshen har dare ya raba.