Irin Badon Da Muka Kusa Zubarwa

Tafkin da ke bayan makarantarmu, a yankin fadamar Haɗeja da Nguru, a da fari fat yake wayar gari da furen bado. Yanzu ciyawar kacala ta cinye fiye da rabinsa. Manya sun ce tun da aka gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa ambaliya ta sauya, kacala ta samu gindin zama. Wannan ya sa mu 'yan ƙungiyar matasa manoma muka ƙudurta tara irin bado, mu shuka a wani kududdufi da muka share.

Aiki na farko shi ne tantancewa, domin bado iri biyu ne a tafkinmu. Akwai mai farin fure, wanda gefen ganyensa ke da haƙora kamar zarto, yana buɗewa da dare ya rufe da hantsi. Shi masana ke kira Nymphaea lotus, kuma shi muke nema. Ɗayan furensa shuɗi-shuɗi ne, da rana yake buɗewa. Ƙwayoyinsu ƙanana ne, da wuya ido ya bambance su. Saboda haka tun suna fure muka yi wa masu fari alama. Da furen ya nutse, muka ɗaure 'ya'yan da ƙyalle, domin a ƙarƙashin ruwa suke nuna su fashe.

Da iri ya samu, sai muka yi masa gwajin da muka iya na shinkafa: a zuba a ruwa, wanda ya taso fanko ne. Kusan duka suka taso! Jikinmu ya yi sanyi. Har mun ɗauki bokiti za mu zubar, sai ga wata tsohuwa da ta daɗe tana tara bado don abinci.

“Kai 'yan nan, me za ku zubar?”

“Iya, irin ne bai da kyau, duk ya taso.”

Ta yi dariya ta ce mu murza ƙwaya ɗaya. Ashe kowace tana cikin wata 'yar jaka mai riƙe iska, wadda ke sa ruwa ya kai ta nesa da uwarta. In jakar ta ruɓe, sai ƙwayar ta nutse cikin laka.

Muka bar bokitin. Bayan 'yan kwanaki yawancinsu suka sauka ƙasa. Muka ƙirga ƙwaya 20 a kowane kwano mai laka, muka rufe da ruwa kaɗan, muka ajiye a rana, kullum muna rubuta abin da muka gani. A hankali siraran ganye suka fara leƙowa.

Gwajin shinkafa bai yi ƙarya ba, mu ne muka kai shi inda ba nasa ba. Yanzu kafin mu gwada kowane iri, sai mun tambayi yadda yake rayuwa a daji. Iya kuwa mun yi mata alkawarin furen farko.