Baki a Madadin Hannu

Hausawa kan ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Wani ɗalibin wannan sashe, ɗan aji huɗu, bai san nauyin wannan magana ba sai a damunar 2024, ranar da babur ya kayar da shi a hanyarsa ta komawa gida, ya tokare ƙasa da hannuwansa biyu, duka suka karye a wuyan hannu. Aka ɗaure su da filasta, likita ya ce sai bayan mako shida a duba. Ga shi kuwa saura wata biyu a miƙa kundin neman digiri. Nasa kundin ya shafi kalmomin sana'ar jima, babi biyu kaɗai ya buga, ragowar aikin yana nan cikin muryoyin majema da ya ɗauko a wayarsa.

Da ya je wurin malamin da ke duba aikinsa, sai Malam ya dube shi ya ce, "Ko dai mu nemi a ɗaga maka zuwa baɗi?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in na ƙara shekara ban san wanda zai biya kuɗin makaranta ba." Malam ya nisa, ya ce to, ya je ya gwada.

Yayansa ne ya ɗauko masa kwamfutar kan tebur daga shago, ya girke ta a ɗakinsa, ya jona mata makirfo. Manhajar Windows 11 ce a cikinta, ita kuwa tun 2022 aka sa mata wani tsari mai suna Voice Access, wanda da shi mutum ke sarrafa na'urar da baki, ba sai ya taɓa linzami ko allon rubutu ba. In aka umurce ta ta nuna lambobi, sai ta liƙa wa kowane maɓalli da ke fuskarta lamba, mutum ya ambaci wadda yake so, ta latsa masa. In abin ba shi da lamba, sai ta raba fuskar gida tara, a zaɓi gida ɗaya, shi ma ta raba shi tara, har a iso daidai wurin. Da zarar an sauke abin da take ji da shi, ba ta ƙara neman intanet, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗalibi. Ranar farko da ya ce ta buɗe kundinsa ta buɗe, sai da idanunsa suka cicciko.

Amma fa murnar ba ta kwana ba, domin na'urar ba ta jin Hausa. Da Turanci yake yi mata magana, kuma ba kowane Turanci take karɓa ba. Shi da ya ci jarrabawar ilmin furuci, ya san cewa Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta "f", ba da haƙori da leɓe ba, shi ya sa "p" da "f" na Turanci ke rikice masa. A aji abin dariya ne. A gaban na'ura kuwa ya zama tarnaƙi, sai ya ce ta latsa lamba huɗu ko biyar, ta yi kamar ba da ita ake ba. Haka ya zauna yana cije leɓe yana maimaitawa kamar ɗan firamare. Wani dare mahaifiyarsa ta ji shi yana ta daka wa wani tsawa da Turanci, ta leƙo a tsorace, ta ɗauka zazzaɓi ne ya hau masa kai. Ga kuma ƙarar janaretan maƙwabta, ga kukan awaki, duk na'urar na ƙoƙarin rubuta su.

Wannan kurumtar tana da dalili. Tun 1952 aka ƙera wata na'ura mai suna Audrey a ɗakunan binciken Bell na Amurka, wadda ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara. A 1962 kamfanin IBM ya nuna Shoebox mai gane kalma 16, a 1976 kuma Harpy ta jami'ar Carnegie Mellon ta kai kalma 1,011. DragonDictate da ta fito a 1990 sai mai ita ya dakata bayan kowace kalma, sai a 1997 aka sami wadda ke bin magana a jere. Duk waɗannan Turanci aka koya musu. Na'ura ba ji take yi irin na ɗan Adam ba, ɗura mata muryoyi ake yi tare da rubutunsu har ta gane wane sauti ke tafiya da wace kalma. Tsarin Whisper na 2022 da sa'o'i 680,000 na magana aka horar da shi, Hausa na cikin jerin harsunansa, amma rabonta bai taka kara ya karya ba. Ɗalibin ya gwada shi a kan hirarsa da wani dattijon majemi, abin da ya fito ko kusa da bagaruwa da ƙirgi bai je ba.

Saboda haka sai ya koma rubuta Hausa harafi-harafi, yana kiran sunayen baƙaƙen da Turanci. A nan ne baƙaƙe masu lanƙwasa suka nuna masa halinsu. Kowane "ƙ" ko "ɗ" ko "ɓ" sai ya kira allon rubutu ya fito a fuskar na'ura, ya sa a nuna lambobi, ya lalubo shi. In ya yi ƙyuya ya bar shi, "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki", alhali kuwa kundi ne na sashen Hausa, inda rashin lanƙwasa ɗaya kan jawo jan biro. Jimla guda kan ci masa minti biyar. Kafin mako ya zagayo muryarsa ta dushe, har ya zamana bayan hannu, maƙogwaro ma yana jinya.

Ƙanwarsa 'yar sakandare ce ta ga abin ya yi yawa, ta ce, "Yaya, kai ka riƙa faɗa, ni in buga." Sai suka raba aikin. Da rana, tana makaranta, shi ke buɗe fayiloli da baki, ya kunna muryoyin majema, ya tsayar, ya mayar baya, ya gyara sakin layi, ya adana. Bayan sallar isha'i ita ke zama ta buga abin da ya haddace. Ita ma ba ta rasa nata kuskuren ba, amma in ya ce "wuya" ta san ko na jiki yake nufi ko wahala, kuma takan tsaya ta tambaye shi me ake yi da toka a wurin jima, shi kuwa wajen ba ta amsa yakan gano inda bayaninsa ya yi rauni.

An kwance filasta saura kwana tara, yatsun hagu ba sa lanƙwasuwa sosai, har yanzu ma ba su gama sakewa ba. Ya miƙa kundin ranar ƙarshe, da la'asar. Malam ya buɗe shafin godiya, ya ga sunan yarinyar a sama da na kowa, ya tambaya ko ita ce mai buga masa. Ya ce ita ce. Malam ya ɗauki jan bironsa, ya zagaye wani "kasa" da ya kamata ya zama "ƙasa" a layi na uku, ya ce, "Wannan na wane ne a cikinku, kai ko ita ko na'urar?"